Na Kashe Ta

"To wa ya ce korar ka ake yi, Baba? Hutu ne. Hutu fa na ce."

"Na ji. Ɗaga ƙafarka, ka taka hannun rigar mutane."

Akawu ya ɗaga ƙafa. Shi ne babban ɗan mai guga. Tun yana makaranta 'yan layin suka laƙaba masa wannan suna saboda biro ba ta rabuwa da aljihunsa, kuma Allah ya sa a ofis ya ƙare. Tun la'asar yake tsaye a shagon, don kujerar ɗaya ce, ita ma kayan wani ne a kanta.

"An yi wa ɗakin da na ware maka a gidana fenti," in ji shi. "Akwai fanka, akwai talabijin. Ka tashi sanda ka ga dama, ka kwanta sanda ka ga dama. Me ya fi wannan?"

"In tashi in yi me?"

"Ba komai! Ai shi ne hutun."

Mai guga ya tsoma yatsu a kwanon ruwa, ya yayyafa a kan farar rigar da ke shimfiɗe bisa bargon teburinsa, ya ɗora dutsen guga. Tururi ya tashi. Ya bi ɗinkin kafaɗa da hancin dutsen a hankali har ƙarshe, ya juyo, ya sake bi.

Tela, maƙwabcinsa, ya leƙo ta ƙofa da zare a baki.

"Sarkin toka, an ce za a yi maka ritaya? Ka tafi da ni mana, ni ma ina son fanka."

"Kai ka fara gama wandon da ka yi wa mai nama alkawari tun bara."

Tela ya yi dariya ya koma kan kekensa. Shagunan biyu katako ne kawai ya raba su, kowa yana jin tarin ɗan'uwansa.

Mai guga ya tsufa a wannan layi. Ya zo yana saurayi da dutsen guga ɗaya, irin na gawayi, mai ɗan zakaran ƙarfe a goshi wanda ke kulle murfin, kuma har yau shi ne a hannunsa. Mariƙin katakon ya lotse daidai wurin babban yatsansa. Da wannan dutsen ya yi aure, da shi ya biya wa yara makaranta. An sha ba shi shawara ya koma na lantarki, ya ce shi ba zai jingina abincinsa da wutar da ke zuwa sanda ta ga dama ba. Mutum ne marar yawan magana, wanda in ka kawo masa riga sai ya laluba aljihunta ya miƙo maka abin da ka manta kafin ka juya.

Abin da 'yan layin ba su sani ba ya faro ne daga gobara. Akawu yana ƙarami a lokacin. Wata safiya suka zo suka tarar layin ya zama baƙin fili, sai langa-langa a lanƙwashe da warin ƙonannen yadi. Masu bincike suka ce wayar lantarki ce daga shagon mai sayar da ƙanƙara, can ƙarshen layi. Kowa ya yarda. Amma suna tsaye cikin tokar, sai tela ya dafa kafaɗar mai guga don ya sassauta wa mutane, ya ce, "Kai mai guga, ko dai kai ne ka bar mana tsaraba jiya?"

Aka yi dariya. Daga ranar ne ma sunan Sarkin toka ya bi shi. Kafin azahar tela ya manta ya faɗi maganar. Mai guga bai taɓa mantawa ba.

Da aka sake gina layin, sai tambaya ta tare a kansa. Gajeriya ce: *Ka kashe?* Zai juye garwashi, ya zuba ruwa, ya kulle shago, ya isa gida, a ajiye masa abinci. Yana kai loma baki sai ta zo. *Ka kashe?* Na kashe mana. *Duka? Har wanda ya gangara ƙarƙashin tebur?* Babu wanda ya gangara. *Ka duba?* Sai ya ajiye lomar, ya zura takalmi, ya koma kasuwa. Ya buɗe, ya tarar da toka jiƙe sharkaf, ya kulle. Wani lokacin bai kai kwanar masu kayan gwari ba za ta sake tambaya, wai ko buɗewar da ya yi iska ta shiga ta tayar da wani abu.

Ya taɓa gwada faɗa wa yayansa. Yayan ya ce waswasi ne, ya yawaita addu'a, ya cire abin a ransa. Addu'a yana yi. Cirewar ce bai gane ta ina ake kamawa ba. In ya ce ba zai tuna ba, sai ya wuni yana gadin kansa kada ya tuna, wato ya wuni yana tunawa.

Matarsa, uwar yara, ita ce ta gano dabara. Ba ta yi masa wa'azi ba. Sai kawai ta mayar da lokacin kawo masa abinci zuwa yamma, ta zauna a kan kujerar nan tana gyara maɓallan da suka saki a kayan mutane har ya tashi. A gabanta yake juye garwashin. In sun isa gida ta ga hannunsa ya tsaya a kwano, ba ta jiran ya yi magana.

"Ka kashe. A gabana. Ci abincinka."

Sai ya ci.

Wata rana ta same shi yana ta muhawara da kansa, leɓunansa na motsi, guga ta tsaya. Ta ce, "Kai da ka fi kowa sanin wuta? Fifita ta kake yi. Duk amsar da ka ba tunanin nan mafici ce. Ka bar shi ya zauna, ka kama aikinka, toka za ta rufe shi da kanta."

Haka ya koya. In tambayar ta zo, ko wata 'yar'uwarta, don daga baya ta hayayyafa, ta koma kan yara da ciwo da mutuwa, ba ya korar ta kuma ba ya biye mata. Yakan ce a ransa, kin zo? Ga wuri nan. Sai ya mayar da hankalinsa gaba ɗaya kan abin da ke ƙarƙashin hannunsa: sanyin ruwa a yatsu, ƙamshin yadi in zafi ya taɓa shi, nauyin dutsen a wuyan hannu, yadda tamoji ke miƙewa a gaban hancinsa. Hankalin zai zame, ya sake jawo shi. Ya zame, ya jawo. Guga ba ta yafe wa mai tunanin wani wuri, in ka tafi za ta bar maka tambarin dutse a bayan rigar mutum, don haka aikin da kansa yake riƙe shi. Kafin ya gama riga biyu ko uku sai ya waiwaya ya ga baƙuwar ta yi barci.

Ranakun da ba a buɗe kasuwa su ne masu wuya. A irin su yakan wanke bargon tebur ko da bai yi datti ba, ya kankare gindin dutsen da yashi, ya gyara ƙafar kujerar da ba ta karye ba. Yara suna ce masa Baba ba ya iya zama. Gaskiya suka faɗa, ba su dai san dalili ba.

Da ciwo ya kwantar da uwar yara, ta san ba tashi za ta yi ba, ba ta yi masa maganar gida ko ta yara ba, waɗannan ta san zai iya. Ta ce, "Wa zai riƙa ce maka ka kashe?" Ya ce ta daina wannan magana. Ta ce, "Saurara. In ka zo tashi, kada ka yi da sauri. Ka ji ƙarar ruwan a kan garwashin. Ka sa hannu a tokar. Sannan ka faɗa da bakinka, da ƙarfi, kunnenka ya ji. Ido yana mantuwa. Kunnen zai zama shaidarka."

Tun rasuwarta, bara waccan, haka yake yi kullum, kuma bai sake komawa kasuwa daga gida ba ko sau ɗaya.

Akawu ya gyara tsayuwa, ya duba agogo, ya sassauta murya don kada tela ya ji.

"Baba, ban so in faɗa ba. Amma tunda ka ƙi gane ta lalama. Ran nan da surukarka ta kawo maka abinci da yamma, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ji ka."

"Ta ji ni ina me?"

"Kai kaɗai a shago, ka durƙusa, kana cewa... kana cewa, 'Na kashe ta. Da hannuna na kashe ta.' Ta dawo gida a tsorace. Baba, ciwo ne ya kashe Inna. Likita ya faɗa, kana wurin. Ba ka da laifi. Ka bar azabtar da kanka."

Mai guga ya ɗora dutsen a kan ƙarfensa. Ya dubi ɗansa. Dariya ta taso masa, irin wadda ya daɗe bai yi ba, har sai da ya riƙe gefen tebur.

"Wuta!" ya ce. "Wuta, kai! Wutar dutsen guga. Ita na kashe. To wa zan kashe? Uwarku da ko tsawa ban taɓa yi mata ba?"

Akawu bai yi dariya ba.

"To in wuta ce, wa kake faɗa wa?"

Da mai guga ya ce wasa ne, ko waƙa ce, da wataƙila an wuce wurin. Amma ɗansa ne, kuma idanun yaron sun kawo ruwa saboda shi. Sai ya ga ai ya girma, ya isa a gaya masa. Ya kwashe kayan da ke kan kujera ya ce ya zauna. Ya faɗa masa duka, abin da ko yayansa bai ji rabinsa ba: gobarar, tambayar, komawa kasuwa da loma a hannu, zaman da uwarsu ta riƙa yi a kujerar nan da yake kai. Ya gaya masa maganar mafici da maganar kunne. Ya ce, "Aikin nan da kake ganin yana gajiyar da ni, shi ne ke riƙe da ni. In hannuna yana motsi, kaina lafiya lau. Ka ajiye ni a ɗaki daga ni sai fanka, yara suna makaranta, kai kana ofis, wallahi tunani zai cinye ni ɗanye."

Akawu ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye. Mai guga ya ji wani sauƙi a ƙirjinsa, kamar ya sauke ƙullin kaya bayan doguwar tafiya.

Sai yaron ya ɗago.

"To ai ka gani, Baba. Abin ma ya fi yadda na zata. Mutumin da shi kansa bai tabbata ya kashe wuta ba, a bar shi da garwashi a tsakiyar kasuwa? Shekaru suna ja. In wata rana ka faɗa da baki amma ba ka kashe ɗin ba fa?"

Maganar ta shiga daidai inda ta tela ta shiga shekarun baya. Ya ji saukarta. Duk tsawon zamansa da tambayar nan ba ta taɓa zuwa ta wannan ƙofar ba. Yanzu ɗansa ya nuna mata hanya.

"Ban taɓa barin wuta ba," ya ce a hankali. "Ko sau ɗaya. Babu wanda ya kai ni kashe wuta a layin nan."

"Na sani. Amma mai shagon da kake haya ba zai ji wannan ba. Na riga na yi magana da shi."

"Ka gaya masa me?"

"Na ce ba ka da lafiya sosai. Ya ce dama hankalinsa bai kwanta da gawayi ba. Ya ba wani mai gyaran waya. Gobe za su zo su auna." Ya kama hannun uban. "Don kai na yi, Baba. Mutane suna magana. Suna cewa ga ɗansa a ofis, ya bar tsoho yana shaƙar hayaƙi."

Ashe ba shawara aka zo yi ba. Tun la'asar yake ta gardama a kan abin da an riga an gama.

Ta bayan katako keken tela ya daina ƙara tun ɗazu. Ya sake leƙowa, babu zare a bakinsa wannan karon.

"Sarkin toka," ya ce, sai ya tsaya, ya canza. "Maƙwabci. Maganar nan ta ranar gobara... ni na faɗa?"

"Kai ka faɗa."

"Wallahi ban tuna ba."

"Na san ba ka tuna ba."

Tela ya ɗan tsaya yana murza gefen rigarsa, sannan ya koma. Keken bai tashi ba.

Saura riga ɗaya a kwandon, ta aikin wata malamar asibiti ce, da sauran kayanta da ya riga ya ninke. Mai guga ya shimfiɗa ta. A kansa sabuwar tambayar tana ta zagaye da muryar ɗansa. *In ka faɗa amma ba ka kashe ba fa?* Ya ce mata, ke ma kin zo? Ga wuri nan. Ya yayyafa ruwa. Ya fara da wuya, ya bi ta tsakanin maɓallai, ya fitar da karin hannu har ya miƙe tsaf. Akawu yana ta magana a kan motar da za ta zo kwashe kaya, da cewa teburin ba sai an ɗauka ba, ya tsufa. Bai ji rabi ba. Yana jin zafin da ke ragewa a gindin dutsen, yana lissafin ko zai kai shi ƙarshen rigar. Ya kai.

Ya ninke ta, ya ɗora a kan 'yan'uwanta, ya ɗaure ƙullin.

Sannan ya ture ɗan zakaran, ya buɗe murfi, ya juye garwashin a tsohon kwanon ƙarfe da ke bakin ƙofa. Ya durƙusa. Akawu yana tsaye a kansa, tela yana leƙe ta tsagar katako, har mai nama na tsallaken layi ya dakata da wuƙa a hannu. Ya gane labarin ya riga ya zaga. Kowa jira yake ya ga tsohon da ke magana shi kaɗai.

Ya zuba ruwa. Garwashin ya yi tsuwwa, farin tururi ya tashi da warin jiƙaƙƙiyar toka. Ya jira ƙarar ta mutu. Ya sa yatsunsa ya juya tokar har ƙasa, ɗumi-ɗumi, sannan sanyi. Ya leƙa ƙarƙashin tebur. Kunya ta kama shi, ya ji kamar ya tashi kawai ya ba su makullinsu. Amma ba su ne za su kwana da tambayar ba.

"Na kashe ta," ya ce, da ƙarfi, yadda ya saba. "Da hannuna na kashe ta."

Akawu ya kawar da kai.

Mai guga ya wanke hannu, ya kurkure cikin dutsen, ya goge shi da tsumma. Ya ciro makullin daga igiyar wuyansa ya miƙa.

"Dutsen fa, Baba? Akwai na lantarki a gida. Bar shi a nan, za a ba masu gwangwan."

"Shago na mai shi ne. Wannan nawa ne."

"To kawo ƙullin, a kira matar ta zo ta ɗauka. Mu tafi gida."

"Da safe za ta shiga aiki. Na ce mata zan kai."

Ya ɗora ƙullin a kafaɗa, ya riƙe dutsen a ɗaya hannun, ya fito. Bai waiwayi shagon ba. Tela ya ce masa sai da safe, sannan ya tuna gobe ba zai zo ba.

Daidai kwanar masu kayan gwari tsohuwar tambayar ta tare shi, inda ta saba. *Ka kashe?* Ya ɗan ɗaga dutsen ya manna gindinsa a cinyarsa. Sanyi ƙalau. Shekara da shekaru yana neman amsar da zai iya riƙewa a hannu, sai yau da aka raba shi da wurin ya same ta. Tambayar ta ja da baya, wata ta matso ta zauna a gurbinta. *Gobe fa? Da safe, in kowa ya fita?* Wannan ba ta da tokar da zai taɓa, ba kuma abin da zai faɗa kunnensa ya shaida.

Wata mata ta fito daga shagon magani ta gan shi, ta ɗaga murya.

"Baba mai guga! Gobe zan aiko da labulayen nan, ka ji? Kada ka ce sun yi yawa."

Ya buɗe baki zai gaya mata, sai ya ji nauyin dutsen a wuyan hannunsa.

"Aiko su gidan ɗana," ya ce. "Ki ce na Baba ne."

Bai san a kan me zai shimfiɗa su ba, bai san ko za a bar shi ya hura gawayi a gidan ba. Ya bar wannan ma ta zauna tare da sauran. Ya gyara ƙullin don kada karin hannun rigar ya karye, ya ji ƙamshin guga yana fitowa ta cikin zanen, ya sa ido a kan inda zai taka, ya miƙe hanyar gidan malamar asibiti.